Amana Kafin Waya: Yadda Ake Rainon Shugabanni a Cikin Matasan Hillarmu

A watan Disamba na 2023, da yaƙin Sudan ya iso birnin Madani, mutane suka kwararo mana Gadarif, wasu a bayan manyan motoci, wasu a tirelar tarakta, wasu da ƙafa. Makarantar da nake koyarwa ta zama masauki, kowane aji gida uku ko huɗu da labule a tsakani. Muka ɗora tukunya a tsakar makarantar, irin wadda ake ce wa takiyya, adas da safe, balila da yamma. Kuɗin cefane kusan duka daga 'yan uwanmu na Jidda da Riyad suke zuwa ta Bankak, manhajar banki ta waya, samarin hilla, wato unguwarmu, su je kasuwa su karɓo kaya. Sai a Fabrairu 2024 shabaka, wato sabis ɗin waya da intanet, ta ɗauke a kusan duk ƙasar. Babu kira, babu WhatsApp, babu turo kuɗi. Samarin da suka fi kowa iya latsa waya suka zauna a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, suna juya wayar a hannu, an rasa mai cewa ga abin yi.

Wadda ta fitar da mu wata yarinya ce 'yar shekara 17, mai wanke kwanuka a takiyyar. Ashe tun ranar farko tana rubutu a wani tsohon littafin makaranta: gida nawa, baki nawa a kowane gida, wa ke da ciwon suga, buhu nawa ya shigo, yaushe ya ƙare. Ta ce wa kawunta ya raka ta kasuwa. Ta buɗe littafin gaban mai shagon da muke saye a wurinsa, ta ce, "Baba, ga abin da muka ɗauka a wurinka tun farko, ga ranar da aka biya kowanne. Ka ba mu na mako biyu, in shabaka ta dawo kuɗinka ne farkon fita." Ya karɓi littafin yana bin layi da yatsa, ya gwama da nasa, sannan ya kira yaronsa ya ce a ɗora buhu huɗu a karo, wato amalanken jaki. Tukunya ba ta sauka ko kwana ɗaya ba.

Tun daga ranar nake tunanin yadda za a yi irin yarinyar nan su yi yawa a cikinmu da gangan, kada a bar abin ga sa'a. Rayuwar da ke gaban 'ya'yanmu ta waya ce. Kuɗi sun koma cikinta, musamman tun canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disamba 2024, wanda ya tilasta wa mutane buɗe asusun banki. Farashin riɗi, sakamakon jarrabawa, neman aiki, duk can suka nufa. Latse-latsen kam yara za su koya ko ba mu koya musu ba. Abin da ba ya zuwa da kansa shi ne riƙon amana, da yanke shawara, da tsayawa gaban jama'a a ba da bayani. Wannan sai babba ya shirya shi, kuma ga yadda na ga yana tafiya. Na rubuta ne ga malamin makaranta, da malamin khalwa, wato makarantar allo, da uwa mai tara 'yan matan unguwa, da duk yayan da ƙannensa ke jin maganarsa.

Mataki na farko: nemo aiki na gaske

Kada ka fara da lacca a kan shugabanci. Yaro zai zauna, zai gyaɗa kai, ya tashi kamar yadda ya zo. Fara da wata matsala da ke ci wa hilla tuwo a ƙwarya, wadda in an bar ta wani zai kwana da yunwa ko ƙishi, in an gyara ta kowa zai gani.

Sharaɗinta uku. Ta zama ƙarama, wadda za a gama cikin mako 6 zuwa 8. Ta zama ana iya ƙirga ta. Kuma ta zama babu siyasa ko bindiga a kusa da ita, wannan ba abin sassauci ba ne a halin da ƙasar ke ciki. A nan Gadarif ruwa ne misali mafi kusa: gidaje nawa ke saye a karo, nawa suke biya, wane gida ne na tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata, za a iya haɗa kuɗi a yi ciniki da mai karo ɗaya a kan farashi ɗaya? Da kaka, lokacin yankan riɗi, aikin yana iya zama tattara farashin kinɗar, ma'aunin da ake sayar da riɗi da shi, a kasuwar amfanin gona kowace safiya a sanar da ƙananan manoma kafin dillali ya iso ƙofar gida. Ga 'yan makaranta kuma, shirya bitar jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, ga waɗanda yaƙi ya katse wa karatu.

Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Abin da Bahaushe ke kira gayya shi ne maƙwabtanmu ke kira nafir, kuma da sunan nan matasan Khartum suka tashi agaji a ambaliyar 2013. Ɗakunan agajin gaggawa da matasa suka kafa bayan ɓarkewar yaƙi a 15 ga Afrilu 2023, waɗanda suka ciyar da unguwanni har aka ba su kyautar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin a 2025, a kan wannan tushen suka tsaya. Aikinka shi ne ka mayar da gayya makaranta.

Mataki na biyu: zaɓi yaran, amma fara da iyayensu

Mutum 7 zuwa 9 sun isa, masu shekara 14 zuwa 22. In sun wuce haka, uku ne za su yi aiki sauran su zama 'yan kallo.

A wajen zaɓe akwai tarko. Ido yakan tafi kan mai baki, ko ɗan gidan da aka sani, ko wanda ya fi kowa tsadar waya. Ka ɗauki ɗaya daga cikinsu in ka so, amma ka nemi yaron da ke riƙe teburin agashe na babansa ba a taɓa samun gibi a cinikinsa ba, da yarinyar da ke sayar da godogodo ta san wa ya biya wa ya ci bashi ba tare da ta rubuta ba, da mai tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku, da ya san kowane lungu. Waɗannan tuni suna riƙe da amana, ba a dai taɓa kiran abin da suna ba. Ka sa ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka yi gudun hijira, domin su ne suka fi sanin inda ke ciwo.

Kafin ka yi wa yaro magana, je ka gaishe da mahaifinsa, ka sha jabana, wato gahawa, ka faɗi aikin da ranakunsa da lokacin tashi. Game da 'yan mata, wannan ziyara ita ce rabin aikin. A sa wata dattijuwa da ake girmamawa ta zama uwar ƙungiya, a yi zama da rana, a gidan da iyaye suka yarda da shi. In wani uba ya ce wannan baƙon abu ne, tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa mata jagorori da ake kira jaji tana ɗaura musu malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, daga wannan gidan suka fito. Na ga wannan maganar ta buɗe ƙofar da roƙo bai buɗe ba.

Mataki na uku: raba muƙamai, kuma su riƙa juyawa

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. To a zaman farko a fitar da amir, da marubuci, da ma'aji, da mai kula da na'urori, da mai isar da saƙo ga manya. Kowane muƙami a rubuta aikinsa a layi biyu, a karanta a gaban kowa.

Duk wata a juya. Ma'ajin wannan wata shi ne marubucin wata mai zuwa, amir ya sauka ya koma mai cajin waya. Yara za su yi gunaguni, musamman wanda ya ji daɗin kujera, kuma aikin zai ɗan yi tsami a makon farko na kowane juyi. Ka daure. Wanda ya ɗanɗani shugabanci ya sauka ya bi wani, shi ne ba zai manne wa kujera ba idan ya girma, kuma mun ga abin da mannewa ta jawo wa ƙasar nan.

Zama sau ɗaya a mako, minti 45, wayoyi a kife a tsakiyar tabarma in ban da ta marubuci. Amir ya bi kowa da tambaya: me ka ɗauka makon jiya, me ka yi, me ya hana ka? Sannan a raba aikin mako mai zuwa, kowane aiki da sunan mutum ɗaya da rana ɗaya. "Za mu duba" ba ya shiga littafi. Mafi ƙanƙanta shi ke fara magana idan ana shawara, amir shi ne na ƙarshe, domin da zarar babba ya faɗi ra'ayinsa ƙananan sun rufe baki. Kai kuma ka zauna a bayan da'ira. In an tambaye ka, ka mayar da tambayar: "To ku me kuka gani?"

Mataki na huɗu: littafi tukuna, sannan waya

Mako biyun farko a yi komai da biro. A ja layuka a littafi: rana, abu, adadi, wa ya karɓa, wa ya shaida. Yaron da ya ja waɗannan layuka da hannunsa, ranar da ka buɗe masa Excel ko Google Sheets zai gane su nan take, don jadawalin kwamfuta littafin nan ne aka sa masa injin lissafi. A ranar farko koya musu abu uku kawai: tara adadin layi, jera bayanai daga babba zuwa ƙarami, da tace su a fitar da gidajen da ke da yara ƙanana, misali. Sauran za su tono da kansu.

Idan aikin na zagaya gidaje ne, akwai KoboToolbox, wanda ƙungiyoyin agaji ke amfani da shi. Ana shirya tambayoyin sau ɗaya, a sauke su a manhajar KoboCollect a wayar Android, a cike su ko babu shabaka, su tafi idan ta dawo. Amma ko an koma waya kada a jefar da littafin. Fabrairu 2024 ta isa darasi.

Ga wurin da nake so a tsaya a nutsu. Sunayen mutane amana ne, kuma a lokacin yaƙi suna iya zama sanadin halaka. Jerin da ke ɗauke da sunan mutum da garin da ya baro da ƙabilarsa da lambar wayarsa, in ya faɗa hannun da bai dace ba, kai da yaranka kun cuci wanda kuka zo taimako. Don haka tun kafin a rubuta tambaya ta farko, a zauna a bi su ɗaya-ɗaya: wannan bayanin, tukunya na buƙatarsa? Adadin baki, i. Ƙabila, a'a. A ba kowane gida lamba, a bar sunayen a littafi guda da ke hannun uwar ƙungiya, lambobin kaɗai su shiga waya. Ba a ɗaukar hoton mai karɓar abinci, ko da mai ba da kuɗin ya nema. A ɗauki tukunya da buhuna da rasit, sun ishe shi shaida. Kowace waya ta ƙungiya a sa mata kulle, a kunna tabbaci mai hawa biyu na WhatsApp da lambar sirri mai lamba 6, kuma a haddace cewa lambar da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake.

Yaro da ya koyi tambayar "wa wannan bayanin zai iya cutarwa?" yana da shekara 16 ya riga ya samu abin da manyan ma'aikata da yawa ba su da shi.

Mataki na biyar: ba su kuɗi a hannu

A nan manya suke ja da baya, kuma a nan ne tarbiyyar take. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Fara da kaɗan, adadin da in ya ɓata ba zai rusa aikin ba, amma kuɗin gaske, na mutane.

Dokokin ba su da yawa. Ba a fitar da ko fam ɗaya sai da yardar mutum biyu, ma'aji da amir, kuma marubuci ya rubuta. Kuɗin ƙungiya ba sa haɗuwa da na aljihun kowa. In dole a yi amfani da asusun wani babba, a ware wanda ba a cefanen gida da shi. Kowace Juma'a bayan la'asar ma'aji ya tashi tsaye ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna kwafin a bangon masallaci ko makaranta, a tura hotonsa ga masu taimako na waje. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ka karanta musu ita ranar da ka miƙa kuɗin.

Sai maganar ish'ar, hoton shaidar turo kuɗi. Hoto ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirar na ƙarya, ana sake turo tsoho. Ma'aji ya buɗe asusun da kansa ya ga kuɗin sun zauna kafin ya rubuta "ya shigo".

Mun sha wannan. Wani yaro ɗan shekara 18 yana ma'aji, muka sayar da buhunan da babu komai a ciki da jarkokin mai ga wani mutum, ya nuna masa ish'ar a waya, yaron ya rubuta ya sake shi da kaya. Ranar Alhamis da dare ya zo ƙofar gidana, ya tsaya bai shigo ba. Ya ce, "Malam, kuɗin nan ba su shiga ba. Ina da na gyaran rakshata, bari in cike kafin gobe, kada a ji." Na ce, "Yarona, in ka cike a ɓoye ka rufe ramin kuɗi, ka bar ramin da ya jawo shi a buɗe. Gobe ka karanta yadda yake." Washegari ya tashi, takardar na rawa a hannunsa, ya faɗi adadin da yadda aka yi. Wani dattijo ya fara faɗa, limami ya ɗaga masa hannu. Yaran da kansu suka kafa dokar buɗe asusu kafin a saki kaya, suka raba asarar a tsakaninsu da ni. Bayan wata biyu, da aka tashi aiken wanda zai je sayen injin niƙa da kuɗi masu yawa, shi jama'a suka nuna.

Da kuskure da ha'inci ba ɗaya ba ne, kuma dole yara su ga ka bambance su. Mai kuskuren da ya faɗa da bakinsa a tsaya masa. Wanda ya ɓoye ko ya ci, a sauke shi daga muƙami, a yi magana da iyayensa a asirce, ya biya, a bar masa ƙofar dawowa.

Mataki na shida: tace labari

A ƙungiyar WhatsApp ta kowace hilla akwai mai turo "labari da ɗumi-ɗumi". An sha tayar da unguwa tsakar dare da muryar wani da ba a san ko wane ne ba, mata suna ɗaure kaya. Ka naɗa biyu daga cikin yaran su zama masu tace labari, da aya ta 6 a Hujurati a matsayin dokarsu. Kafin a tura komai gaba: wa ya faɗa da sunansa, yaushe, a ina, kuma wa muka sani a can da za mu kira? Hoto a saka shi a Google Lens, sau da yawa sai a tarar na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Murya kuwa yanzu na'ura tana kwaikwayon ta kowa, don haka in "ɗan uwa" ya turo murya yana neman kuɗi cikin gaggawa, a kira shi a lambarsa da aka sani, a tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani.

Wannan aiki ya nuna amfaninsa da kwalara ta ɓarke a Kasala da Gadarif a Agusta 2024. Magunguna iri-iri suka yi ta yawo a waya. Yaranmu suka je wurin ma'aikaciyar lafiya, suka naɗi saƙo ɗaya da Hausa da Larabci: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya ana hanyar asibiti. Shi aka riƙa turawa.

Game da ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya fito a Nuwamba 2022, ra'ayina shi ne a koya musu ita a gabanka maimakon su koya a bayanka. Tana taimakawa wajen tsara wasiƙa da Larabci ko Turanci, da bayanin yadda ake lissafi a jadawali. Amma tana faɗin abin da ba haka ba da cikakkiyar murya. Ka ba su gwaji: su tambaye ta tarihin hillarku ko na Mai Wurno, su kai amsar gaban wani tsoho ya ji. Abin da za su gani ya fi duk gargaɗin da za ka yi. Sunayen mutane da lambobin asusu ba sa shiga cikinta, kuma duk abin da ta rubuta, wanda ya sa hannu shi ke da alhakinsa.

Mataki na bakwai: wuta da karatu

Mai kula da na'urori ya iya lissafin wutarsa. Faifan sola mai wat 100, a rana mai kyau, yana ba da abin da ya kai wat-awa 350 zuwa 400 bayan an cire asara. Cika waya ɗaya yana cin kamar 20, kwamfutar cinya kamar 50 a awa. Ke nan waya 10 da awa 3 na kwamfuta. A goge ƙura a faifan kowace safiya, kuma batir irin na ruwa kada a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai daɗe ba. Shi zai tsara layin caji, shi zai ce wa yayansa "ba yau ba". Wannan ma darasi ne.

Duk ranar da shabaka ta yi kyau a sauke abin karatu a ajiye. Edraak, da aka kafa a Jodan a 2014, yana da darussa kyauta da Larabci. Scratch na jami'ar MIT ta Amurka yana koya wa ƙanana tsara manhaja, yana da Larabci, kuma yana aiki ba intanet. Manya su shiga Python, harshen tsara manhaja. Kiwix yana ajiye Wikipedia a cikin na'ura. Sharaɗi ɗaya: wanda ya koyi abu, mako mai zuwa shi ne malami. Kuma ka nuna musu darajar harsunansu. Yaron da ke da Hausa da Larabci, in ya ƙara Turanci, yana iya ciniki daga Kano har Jidda. Zaidu ɗan Sabitu yana matashi Annabi ya sa shi koyon rubutun Yahudawa, ya iya cikin kusan rabin wata, ya zama mai karanta masa wasiƙu.

Mataki na takwas: tsayar da su gaban manya

Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kunya, kuma ban ce a zubar da ita ba. Yaro ya durƙusa ya gaishe da babba, ya sauke murya. Amma kunyar da ke hana shi cewa "Baba, lissafin nan bai daidaita ba" ta zama cuta. Abin da za ka koya musu shi ne yadda ake haɗa ladabi da gaskiya a zance ɗaya.

A ƙarshen mako na shida ka nemi lajnar hilla, wato kwamitin unguwa, da shehu ko omda, wato masu sarautar gargajiya, da limami, su ba yaran minti 10. Kafin ranar a yi gwaji sau uku, kai ka zama dattijo mai tsaurin tambaya. Tsarin maganar: gaisuwa cikakkiya, ga abin da muka tarar, ga adadinsa, ga abin da muka yi, ga abin da ya gagare mu, ga abu ɗaya da muke roƙo. A kai takarda ɗaya a hannu, domin dattawa da yawa ba za su leƙa fuskar waya ba, kuma ba daidai ba ne a sa su ji an bar su a baya. In an yi tambayar da ba su san amsarta ba, su ce "Ba mu sani ba, Baba, amma ranar Juma'a za mu kawo," kuma su kawo.

A ranar, kai ka yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya a duk jagorar nan. Za ka ga yarinya ta rikice a lissafi, amsar tana bakinka, jikinka na tsuma. Riƙe ta. In ka karɓe zancen sau ɗaya, dattawa za su koma kallonka, yaran kuma sun gane cewa aikin naka ne, su 'yan rakiya ne. In wani ya ce yara ne, me suka sani, akwai Usama ɗan Zaidu, da aka ba shi tutar runduna bai wuce shekara 20 ba, manyan sahabbai suna cikinta. Amma ka bar wa limami ya kawo wannan, daga bakinsa ta fi nauyi.

Mataki na tara: miƙa ragama

Bayan wata 6, kowane ɗaya daga cikin na farko ya kawo ƙarami ɗaya ya zauna kusa da shi wata guda yana kallo, wata na biyu ƙaramin ya yi babban na kallo. Yaranmu masu tafiya ne, wani zai wuce Bur Sudan, wani jami'a, wani Saudiyya, wata za ta yi aure a wani gari, don haka kada aikin ya rataya a wuyan mutum ɗaya ko a wayar mutum ɗaya.

Ranar miƙawa a yi ta a gaban mutane. A ƙirga kuɗin da ke hannu, a gwama da littafi, masu fita da masu shiga su sa hannu. A ƙirga faifan sola da batir da caja. A mayar da ikon ƙungiyar WhatsApp ga sababbi, a bar aƙalla mutum uku da shi. A canza duk kalmomin sirri a ranar, a rubuta sababbin a takarda, a rufe a ambulan, a kai wa uwar ƙungiya ta ajiye tare da littafin sunaye. Sannan sabon amir ya buɗe shafi mai tsabta, ya tambayi jama'a wace matsala ce ta gaba.